Gawayin Auta

'Yata ta iya magana kafin ta iya tafiya, shi ya sa duk layinmu ake kiranta Rediyo. Tun da safe take kama tasha, ba ta kashewa sai barci ya sace ta, kuma ko a barcin wani lokaci sai ka ji tana yi wa wani faɗa. Takan tsaya a ƙofar shagona ta tare masu kawo ɗinki, ta tambaye su ina za su da wannan rigar, kuma wa ya saya musu. Na sha toshe mata baki da tafin hannu ina ba mutane haƙuri. Yanzu da za a ce in ba da kekena da shagon baki ɗaya don ta sake kunyata ni ko sau ɗaya, wallahi da gudu zan miƙa makulli.

Abin bai zo da ƙarfi ba. Da farko ciwon ciki ne da ƙin abinci, sai fushi babu dalili, sai kalmomi suka fara zubewa daga bakinta ɗaya bayan ɗaya. Ta manta sunan kyanwar maƙwabta. Ta manta waƙar da ta ishe mu da ita. Inna, mahaifiyata, wadda ke zaune tare da mu tun rasuwar Baba, kuma ita ke rainon yarinyar in na tafi shago, ta ce girma ne, yaro in ya fara hankali surutu yake ragewa. A haka muke har ranar da Rediyo ta faɗi a tsakar gida tana karkarwa, idanu a kafe.

Likitar yara ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce dalma ce a jinin yarinyar, kuma da yawa. Ta tambaye ni ruwan da muke sha, na ce na rijiyar gidanmu. Ta tambayi abin da ke kusa da mu, sai na tuna da filin bayan layi, inda aka shekara da shekaru ana fasa tsofaffin batiran mota ana narka dalmarsu. An daɗe da korar masu yi, amma abin da suka zubar ƙasa ta shanye, ta kuma miƙa wa rijiyoyinmu. An ce ruwa ba ya tsami banza, to namu ko tsamin bai yi ba. Garai-garai yake, ga sanyi, baƙi ma har yabonsa suke yi.

"Zan ba ta maganin da zai fitar da dalmar daga jini," in ji likitar. "Amma in ta koma gida ta ci gaba da shan ta, zuba ruwa a kwando kawai muke yi. Kuma gara ki sani tun yanzu, abin da dalma ta ɓata a ƙwaƙwalwar yaro ba kullum yake dawowa ba. Duk watan da ya wuce tana ɗauke da ita, wani abu take rasawa."

Na fito daga asibitin ban san inda zan nufa ba. Famfon layinmu ya ƙafe tun kafin a haifi Rediyo. Masu kurar ruwa daga rijiyoyin unguwar suke ɗebowa, wato gubar ce dai a kan taya. Maigidana direban babbar mota ne, ya fi sanin hanya fiye da ɗakinsa, da na kira shi sai ya ce a yi haƙuri yana tafe. Tashi daga gidan kuwa magana ce mai daɗin faɗa ga wanda ke da wurin zuwa. Sai na kira Auta.

Auta ƙanwata ce, ita ce mai boko a gidanmu. Tana aiki a wani ɗakin gwaji inda suke binciken tace ruwa, kuma tun da ta fara aikin ba mu sake ganin farcenta fari ba. Inna takan kama hannunta ta juya ta ce, "Duk karatun nan ashe a gawayi za ki ƙare? Da kin faɗa mini tun kina ƙarama ai da na yanka miki buhu na kafa miki tebur a ƙofar gida." Auta sai ta yi dariya kawai. Ranar da na kira ta ba ta yi dariya ba, ta ce in kawo mata ruwan rijiyar a jarka.

Ɗakin gwajin nasu bai yi kama da abin da na zata ba. Dogon tebur ne cike da kwalabe, da na'ura ɗaya da aka lulluɓe da tsumma ana lallaba ta kamar tsohuwa mai jinya, sai buhunan ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayin shinkafa jingine a bango. A kusurwa akwai wani murhun lantarki mai ƙofar ƙarfe. A ciki take ƙona ɓawon ba tare da iska ta shiga ba, ta fito da shi baƙi wuluk, ta jiƙa a sinadari, ta wanke, ta tankaɗe da rariya. Daga nan ta ɗura shi a siraran bututun gilashi, ruwa yana ɗiga ta sama yana fita ta ƙasa.

"Ni in na tafasa ruwan ba shi ke nan ba?" na tambaye ta.

"Yaya, ba ƙwayar cuta ba ce da za ta mutu. Ƙarfe ne. Ko kin kwana kina tafasawa tana nan." Ta ɗebo gawayin a tafin hannunta ta nuna mini. "Kin ga wannan, jikinsa duk ramuka ne ƙanana waɗanda ido ba ya gani. In ruwa ya bi ta cikinsa, dalmar sai ta maƙale a ramukan, ruwan ya wuce. Abin da nake nema ke nan, wanda zai kama ta ya riƙe gam."

"To ki ba ni in tafi da shi."

"Bai kama ba tukuna."

Wannan "bai kama ba tukuna" sai da na tsane ta kamar mutuwa. Gawayi na farko ya yi laushi da yawa, ya toshe bututu, abin da ya fito kamar ruwan tawada. Na biyu ya kama wari da launi, ya bar dalmar ta wuce abinta. Na uku ya kama da safe, kafin la'asar ya cika ya fara saki. Kullum in na rufe shago sai in biya ta wurinta da jarkata, in zauna a kan kujera mai ƙafa uku ina kallon ɗigon ruwa, ina jin kamar ƙwaƙwalwar 'yata ce ke ɗiga. A gida kuwa ruwan leda muke saya wa Rediyo na sha, amma girki fa, da wanke-wanke, da wanka, ga ta da tsotsar tsumma in ana cuɗa ta? Tsoro ya hana ni ci, ya hana ni ɗinki mai kyau. Har wata mata na haɗa wa hannun riga a baibai, ta zage ni, ban ma ji zafi ba.

Auta ta rame tare da ni. Daga ƙarshe ta gwada jiƙa gawayin a wani ruwa mai launin tsatsa kafin ta sake gasa shi, ya fito tsaki-tsaki, baƙi da ɗan ja. Ta sa ruwan da ya bi ta cikinsa a na'ura, ta duba, ta sake sa wani, ta sake dubawa. Sai na ga ta dafa tebur da hannu biyu ta sunkuyar da kai.

"Ya kama, Yaya."

Ogansu ya ce ba a fitar da abu daga ɗakin gwaji sai an gama dukkan matakai, kuma matakan na iya cin shekara. Auta ta ce masa 'yar yayarta ba ta da shekara. Ban san yadda suka ƙare ba, na dai ga ta iso gida ranar hutu da bokiti biyu, ɗaya a kan ɗaya, na sama da gawayin a tsakanin yashi da tsakuwa, na ƙasa da ɗan famfo a gindinsa. Ta kafa shi a inuwar ɗakin girki, ta nuna mana yadda ake zuba ruwa a hankali. Ta ce gawayin yana cika, don haka za ta riƙa aiko da sabo ana canjawa, wanda aka cire kuma a ƙulle a leda a ajiye bayan ɗaki, za ta zo ta kwashe. Na maimaita wa Inna kalma da kalma, tun da ita ce a gida da rana. Inna ta ce ta ji, ita ba yarinya ba ce.

Rediyo ta sha maganinta, aka auna jini, likita ta ce dalmar ta ragu. Ta fara cin abinci, in dai Inna ce ta ba ta, don daga ni har ubanta ba wanda take karɓa a hannunsa. Wata safiya ma ta nuna bokitin ta ce "ruwa", na zauna a bakin rijiya na yi kuka har Inna ta ce in tashi kar in ƙara wa rijiyar gishiri. Damina ta kankama, gari ya yi sanyi, ni kuma na koma ɗinki da hankalina.

Awo na gaba ya hau. Ba ɗan hawa ba, ya wuce inda muka fara.

Likitar ta cire tabarau ta dube ni. "Tana samun ta daga wani wuri, kuma fiye da da. Ki nemo wurin. Ba zan iya ci gaba da ba ta maganin nan ana mayar mata ba, shi ma yana da nasa nauyin a ƙoda."

Daga asibiti ɗakin gwaji na wuce kai tsaye, da yarinyar a bayana. Abin da na faɗa wa Auta a gaban abokan aikinta ba zan maimaita shi duka ba. Na ce ta mayar da 'yata ɓeran gwaji. Na ce gudun gara na yi na faɗa gidan zago. Na ce in abin nan ya cinye yarinyar, kada ta ƙara kira na Yaya. Ta ɗauki kwalabe ta biyo ni gida, ta ɗebi ruwa a famfon bokiti, a randa, a butar shayi, a kofin Rediyo. Washegari ta kira ni, muryarta a dishe, ta ce ruwan tas yake, ko ita za ta sha shi har ƙarshen rayuwarta.

"To daga ina?"

"Ban sani ba, Yaya."

Ta kankare fentin bango ta kai na'ura. Ta ɗebi ƙasar tsakar gida, ta kwashi kayan wasan yarinyar, har da tsohuwar tukunyar da muke dafa shinkafa. Babu abin da ya kai yawan da zai yi wannan ɓarnar. Ita kuwa Rediyo ta daina cewa ko da "ruwa". Takan zauna a jikin Inna tana kallon bango, in ka kira ta sai ta juyo a makare kamar daga nesa muryar ta zo. Na kai inda in na ga yaran maƙwabta suna surutu sai in ji haushinsu, Allah ya yafe mini. Maigidana ya iso ya ce a fasa bokitin nan a huta, ni ma na ce a fasa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama.

Auta ta ce mu bari ta zo ta ɗauke shi da kanta. Ta ce abu ɗaya ya rage ba ta auna ba, wato tsohon gawayin da aka ciccire, tana so ta ga nawa ya kama, ko yana saki ne a wani lokacin da ba ta lura ba. Tun da aka kafa bokitin ba ta sami sukunin kwashe gawayin ba, kullum tana gaban na'ura. Ta iso da hantsi da buhu a hannu, ta zagaya bayan ɗaki, ta dawo.

"Inna, ina ledojin da na ce a ajiye mini?"

Inna tana wanke-wanke a bakin magudana, Rediyo na zaune a kan tabarma kusa da ita. Ta ɗago tana murmushi, irin murmushin wanda ya yi abin kirki a ɓoye yana jiran a gano.

"Gawayin? Ai ban bari ya lalace ba. Na ga yana taruwa, ruwan sama na dukansa, ke kuma ba ki da lokaci. Na ce meye na ɗora miki kwasar shara?" Ta nuna rufin ɗakin girki da haɓa. Faranti ne babba a sama, tsakin gawayin Auta a baje yana shan rana. "Ƙanana ne, amma in kika haɗa da manya garwashinsa ya fi daɗewa, kuma babu hayaƙi. Da shi nake ɗumama wa yarinyar nan ɗaki in na yi mata wanka, kin san ba ta son sanyi. In rufe ƙofa, in ajiye kasko kusa da ita, sai barci."

Buhun ya suɓuce daga hannun Auta.

Inna ba ta lura ba. Ta jawo wani gwangwanin madara da ke gefenta, cike da toka mai ja-ja, ta dangwala soso a ciki. "Tokar ma ba ta da na biyu. Laushi gare ta, ba ta karce kwano. Dubi nan." Ta ɗaga ɗan kwanon silba na Rediyo, wanda ba a zuba wa kowa abinci a ciki sai ita, yana ta ƙyalli, da cokalinsa. "Na ce yau dai karatun Auta ya yi rana sau biyu."

Auta ta zauna a ƙasa, a cikin ruwan wanke-wanken, da fararen kayanta. Ni na riga na gane tun kafin ta buɗe baki, don na zauna a kan kujerar nan mai ƙafa uku na ji da kunnena cewa abin ba ya mutuwa.

"Inna," in ji Auta a hankali, "duk dalmar da na cire daga ruwan gidan nan, tana cikin gawayin nan. Ba ta je ko'ina ba. In aka ƙona shi, wata ta bi iska, sauran ta zauna a toka."

"Ai ke kika ce yana tsarkake ruwa."

"Yana tsarkakewa."

"To abin da ke tsarkake ruwa ta yaya zai zama ƙazanta?"

Inna ta dubi Auta, ta dube ni, ta dubi sosonta. Sannan ta dubi kwanon. Na ga lokacin da maganar ta isa inda za ta isa, don fuskarta ta zube gaba ɗaya. Ta ajiye kwanon a ƙasa sannu a hankali, ta riƙe hannuwanta nesa da jikinta, tokar na ɗiga daga yatsunta.

Na so in yi ihu, amma a kan wa? Auta ta ce a ajiye, ba ta ce guba ne ba, don a wurinta wannan ko jariri ya sani. Ni na kai saƙo kamar yadda aka ba ni. Inna kuwa tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin an zubar da gawayi ba, kuma ba ta taɓa barin jikarta ta kwana da sanyi ba. Na ɗauki 'yata na goya, na fita neman mota.

Aka kwantar da mu a asibiti. Auta da maigidana suka kwashe kwanaki da safar hannu da takunkumi suna wanke ɗakin, suka fitar da katifa da labule da kaskon da kwanukan. Likita ta ce tun da an gano wurin, dalmar da ke jinin za ta ragu, wannan tana da tabbas. Na tambaye ta maganar fa? Ta ce mu jira mu gani. Na sake tambaya ta wata hanyar, ta sake ba ni amsar nan dai.

Inna tana zuwa asibitin kullum, amma ba ta shiga ɗakin. Takan zauna a benci a baranda, hannuwanta a cikin mayafi. Rediyo kuma ta ƙi ci. Na gwada, nas ta gwada, ubanta ya gwada da wasa da lallashi, sai ta kawar da kai ta datse baki. Da rana ta biyu ta yi nisa nas ta ce in ba ta ci ba za a sa mata roba ta hanci. Na fita baranda na tsaya a kan Inna.

"Inna, ki tashi ki ba ta abinci."

"Ba da hannun nan ba."

"Ba ta karɓa a wurin kowa."

"Ki bar ni, 'yar nan. Ni na ba ta. Safe da yamma, ina yi mata waƙa, ni na ba ta."

"Na sani. Ki tashi. Ba ni da wata uwar, ita ma ba ta da wata kakar, kuma ba ni da lokacin lallashinki."

Ban taɓa yi mata magana haka ba. Ta dube ni, ta miƙe da ƙyar. A wurin wanke hannu ta cuɗa sabulu har sau nawa ban ƙirga ba, sai da Auta ta zo ta kashe famfon, ta kama hannuwan ta goge mata su da gefen mayafinta, ta ce, "Sun fita, Inna. Ni na faɗa miki, sun fita."

Inna ta zauna a bakin gadon. Na miƙa mata sabon kwano na roba da cokali. Ta ɗebi shinkafa a cokalin. Rediyo ta juyo a hankali, ta kafe ta da ido, ta daɗe tana kallonta. Sai leɓunanta suka motsa, ta buɗe baki.

Maigidana ya matso, Auta ta kama hannuna ta matse, ni kuwa na daina numfashi don kada ƙararsa ta rufe abin da za ta ce, ko da rabin kalma ne, ko da zagi ne.

Cokalin take jira. Inna ta sa mata, ta haɗiye, ta sake buɗewa.